Inda fayil zai sauka: yadda muka maido da tsohon kundin bashi a Kakuri

Aikina a Kaduna shi ne kula da kwamfutocin 'yan kasuwa da ƙananan makarantu. Cikin waɗanda nake yi wa aiki akwai wani Alhaji mai sarin kayan masarufi, sitonsa na Kakuri. Shinkafa da taliya da man gyaɗa da sukari da sabulu duk ta hannunsa suke bi zuwa shagunan Tudun Wada da Rigasa da Kawo, har da masu zuwa daga Zariya da Kafanchan. Mafi yawan cinikinsa bashi ne, a ɗauki kaya yau a biya bayan an sayar. Duk lissafin wannan bashi yana cikin rumbun bayanai guda ɗaya mai suna Sari, a kan SQL Server 2014, manhajar Microsoft mai riƙe rumbun bayanai, nau'in Express na kyauta, cikin wata tsohuwar kwamfuta da ke ƙarƙashin teburin Hajiya akanta.

Wata rana Hajiya ta kira ni. Wani tsohon abokin cinikinsu daga Zariya ya zo da rasit a hannu yana cewa ya biya kuɗi masu yawa a watan jiya, amma kwamfuta ta nuna bashin yana nan yadda yake. Ita kuma tana da yaƙinin ta ga wannan biya da idonta lokacin da take rufe lissafin wata.

"Injiniya, ba kai ka ce kwamfuta tana ajiye kwafi ba? To ka dawo mana da na ƙarshen wata mu gani."

Na ce, "Hajiya, zan dawo da shi, amma ba a kan wanda kuke aiki da shi ba. A gefe zan sauke shi."

Ba ta ga bambancin ba a lokacin, kuma ba laifinta ba ne, domin mutane da yawa da ke wannan sana'a tamu ma ba su cika tsayawa a kansa ba. An riga an yi makonni ana ciniki bayan ƙarshen watan. Idan na maido da kwafin a kan rumbun da ake aiki da shi, duk abin da aka sayar, duk bashin da aka biya, duk kayan da suka shigo sito tun daga ranar za su shafe. Za mu gano kuɗin mutum ɗaya mu ɓatar da lissafin kowa.

Ga abin da ya sa haɗarin yake kusa ƙwarai. Fayil ɗin kwafin ajiya, mai ƙarewa da .bak, ba bayanai kaɗai yake ɗauke da su ba. A cikinsa an rubuta sunan rumbun, da sunan kowane fayil nasa, da cikakken adireshin inda kowane fayil yake zaune a ranar da aka ɗauki kwafin. Idan ka ce wa SQL Server ya maido ba ka faɗa masa wani wuri ba, can zai nufa, wannan adireshi na asali. A kwamfutar Alhaji kuwa, wannan adireshin shi ne daidai inda fayilolin da masu karɓar kuɗi ke rubutu a kansu suke.

Na jira aka tashi daga kasuwa, bayan sallar Magariba. Na tafi da yaron da yake koyon aiki a wurina, ɗan bautar ƙasa ne da aka turo Kaduna, mai son sani. Na roƙi Alhaji a bar janareta a kunne ko da akwai wuta, domin batirin UPS ɗin ofishin ba ya daɗewa. Idan wuta ta yanke ana tsakiyar maidowa, sabon rumbun zai tsaya rabi da rabi, sai a sake daga farko.

Kafin komai na ɗauki sabon kwafi na rumbun da ake aiki da shi, na kwafe shi zuwa faifan waje, na cire faifan na sa a jaka. Ba don ina shirin taɓa rumbun ba. Ka'idata ce, ba na buga umarnin maidowa a kan kwamfutar da ake ciniki da ita sai kwafin wannan sa'ar yana wajen kwamfutar.

Daga nan sai tambayar fayil ɗin abin da ke cikinsa. Kwafin ƙarshen kowane wata a fayil guda yake taruwa, domin SQL Server, idan ba a ce masa ya shafe na baya ba, ƙarawa yake yi a kan wanda ya tarar. Na buga:

RESTORE HEADERONLY FROM DISK = 'D:\Ajiya\Sari_wata.bak'

Ya jero kwafi uku, kowane da lambarsa da ranar da aka kammala shi. Na uku shi ne wanda muke nema. Wannan ƙaramin mataki ne amma yana da muhimmanci, saboda idan ba ka ambaci lamba ba, na farko zai ɗauko, wato mafi tsufa.

Sai umarnin da a wurina shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya:

RESTORE FILELISTONLY FROM DISK = 'D:\Ajiya\Sari_wata.bak' WITH FILE = 3

Wannan ba ya maido da komai, ba ya rubuta komai a faifai. Jeri kawai yake fitarwa. Layi biyu muka samu. Na farko nau'insa D, fayil ɗin bayanai mai ƙarewa da .mdf. Na biyu nau'insa L, fayil ɗin log mai ƙarewa da .ldf, wanda a cikinsa ake fara rubuta kowace ma'amala kafin ta tabbata a cikin bayanai. Kowane layi yana da suna biyu. Na ce wa yaron ya ɗauki na farko kamar sunan yanka: duk inda mutum ya ƙaura da shi yake tafiya. Na biyu kuwa adireshi ne, shi ake iya sauyawa. Da sunan yanka ake kiran fayil a ce masa ga sabon adireshinka.

Yaron ya lura da abin da nake so ya lura da shi. Rumbun sunansa Sari, amma fayilolin ciki sunansu POS_Data da POS_Log. Kamfanin da ya rubuta manhajar shagon yana da samfuri guda da yake kafa wa kowane ɗan kasuwa, sunan waje kawai yake sauyawa. Wanda ya yi zato ya rubuta Sari_Data zai sha saƙon kuskure. Ba a zaton waɗannan sunaye, karanta su ake yi.

Adireshin kuwa shi ne dogon nan da duk mai aiki da SQL Server ya sani: C:\Program Files\Microsoft SQL Server\MSSQL12.SQLEXPRESS\MSSQL\DATA. Na buɗe sys.master_files, inda SQL Server ke nuna adireshin fayilolin kowane rumbu da ke kan kwamfutar, na nuna masa layin Sari. Harafi da harafi, wuri ɗaya ne.

Akwai wani shafi a jerin da mutane ke tsallakewa, shi ne na girma. A bait ake rubuta shi, sai ka raba da 1024 sau uku ka samu gigabait. Fayil ɗin bayanai kusan gigabait 6 ne, ba mamaki, tunda Express na 2014 ba ya barin bayanan rumbu ɗaya su wuce gigabait 10. Amma log ya haura gigabait 40. Wannan iyaka ta gigabait 10 ba ta shafi log ba. Masu manhajar sun kafa rumbun a tsarin FULL, wanda a cikinsa log ba ya sakin wurin da ya cika sai an ɗauki kwafin log ɗin kansa, kuma cikakken kwafi ba ya yin wannan aiki. Haka ya yi ta kumbura shekara da shekaru.

Abin da ya sa wannan ya shafi batun wuri shi ne, maidowa tana sake gina kowane fayil da girman da yake da shi ranar da aka ɗauki kwafin. Ko da kwafin bai fi gigabait 6 ba, sai an samu wurin gigabait 46 da ɗoriya. Abin da ya rage a faifan C bai kai 15 ba. Da a ce a can na nufa da shi, ko da da sababbin sunaye, SQL Server zai ƙi saboda rashin wuri. Da kuma wurin ya isa da ƙyar, to matsalar ta fi muni, domin gobe da safe rumbun ciniki zai nemi ƙara girma ya rasa inda zai shiga, Windows ma kanta ta fara nauyi. Faifan D yana da sarari sosai. Shawara ta yanke kanta.

Na buɗe sabuwar folda, D:\Duba. Dole ka buɗe ta da hannunka, SQL Server ba zai ƙirƙira maka ba. Idan babu ita zai ba ka kuskure mai lamba 5133, cewa ya nemi hanyar bai same ta ba, ya bi shi da 3156, inda yake ce maka ka yi amfani da WITH MOVE ka nuna masa wuri mai kyau.

Sai izini. A nan na ɗan tsaya da yaron, saboda abin yana rikita masu farawa. Kai ne ka shiga kwamfuta a matsayin mai cikakken iko, kai ka buɗe folda, kana iya zuba abin da ka ga dama a ciki. Amma ba kai ne za ka rubuta fayil ɗin ba. SQL Server yana aiki da nasa asusun, a nan NT SERVICE\MSSQL$SQLEXPRESS, kuma ana ganinsa a cikin Configuration Manager, manhajar saitin SQL Server. Idan wannan asusu ba shi da izinin rubutu a foldar, za ka ga kuskuren Windows mai lamba 5, an hana shiga. Na ba shi izini a kan D:\Duba kaɗai. Na sha tarar da kwamfutocin da wani ya buɗe wa kowa da kowa faifai gaba ɗaya don kawai saƙon ya tafi, kuma wannan abu yana ɓata mini rai, domin gyaran minti biyu ne aka musanya da ƙofa a buɗe har abada.

Wannan dalilin ne kuma ya sa adireshin da ka rubuta a umarni, daga idon sabar, wato kwamfutar da SQL Server ke kai, ake karanta shi. Idan kana zaune a kan kwamfutarka ta hannu ka haɗu da sabar ta waya, D ɗin da ka rubuta D ɗin sabar ne, ba naka ba. Haka nan harafin da ka laƙaba wa wata foldar da ke kan wata kwamfuta, kamar Z, kai kaɗai ke ganinsa. Asusun SQL Server ba ya gani, sai ka rubuta cikakkiyar hanya mai farawa da sanda biyu (\\) da sunan kwamfutar.

Yaron ya tambaye ni, "Oga, me ya sa ba za mu bi ta taga ba? A Management Studio ai danna-danna ne kawai."

Na buɗe masa tagar maidowa a Management Studio, manhajar da ake sarrafa SQL Server da ita, don ya gani. Tana da amfani, ban raina ta ba. A shafin Files akwai akwatin da in ka sa masa alama zai tattara duk fayiloli zuwa foldar da ka zaɓa, akwai kuma shafin da ke nuna sunan da kowane fayil zai sauka da shi. Amma na kai shi shafin Options na nuna masa akwatuna uku. Ɗaya na rubutawa a kan rumbun da ke nan. Ɗaya na korar duk wanda ke haɗe da rumbun. Ɗaya kuma na ɗaukar kwafin wutsiyar log, wato ragowar log ɗin da ba a riga an ɗauki kwafinsa ba, kafin maidowa, da ɗan ƙaramin akwati a ƙarƙashinsa da ke barin rumbun asali cikin halin maidowa. Wannan na ƙarshe tagar kan sa masa alama da kanta idan ta ga rumbun asali yana kan kwamfutar a tsarin FULL. Mutum ya sauya suna, ya sauya folda, ya yi komai daidai, ya danna OK, sai ya tarar rumbun ciniki ya rufe ba mai iya shiga. Ana iya dawo da shi, amma ba na so in bayyana wa Alhaji haka da safe motoci na jiran lodi. Shi ya sa ko na bi ta taga, maɓallin Script nake dannawa, in karanta umarnin da za ta buga a madadina layi-layi. A daren dai da hannu na rubuta.

Na fara da gwaji. RESTORE VERIFYONLY yana karɓar MOVE kamar yadda maidowa ta gaskiya ke karɓa, sai ya duba ko kwafin yana karantuwa, ko wurin da ka nuna yana da sarari, ko akwai fayil mai irin sunan a can. Ya ce kwafin lafiya lau. Sannan na rubuta na gaskiya:

RESTORE DATABASE Sari_Duba
FROM DISK = 'D:\Ajiya\Sari_wata.bak'
WITH FILE = 3,
MOVE 'POS_Data' TO 'D:\Duba\Sari_Duba.mdf',
MOVE 'POS_Log' TO 'D:\Duba\Sari_Duba_log.ldf',
RECOVERY, STATS = 10

Ban buga ba tukuna. Na sa yaron ya karanta da ƙarfi, ina bin takardar da na rubuta sunayen a kai. Abu uku nake saurare: sunan rumbu sabo ne, kowane fayil da jerin ya nuna yana da nasa layin MOVE, kuma babu kalmar REPLACE ko'ina. Da rumbun yana da fayil na uku, irin mai ƙarewa da .ndf, shi ma sai an ba shi nasa layin, domin duk wanda aka manta zai nufi tsohon adireshinsa.

Batun REPLACE, kalmar da ke ce wa SQL Server ya rubuta a kan abin da ya tarar, shi ne na fi so duk wanda ke wannan aiki a garin nan ya riƙe. SQL Server yana da shingaye da yake kare ka da su. Idan ka ba da sabon suna ka manta MOVE, zai ƙi da lamba 1834, ya ce wani rumbu yana amfani da fayil ɗin. Idan ka nufi rumbun da kwafin ba nasa ba ne, zai ƙi da 3154. Idan ka nufi rumbun FULL da ba a ɗauki wutsiyar log ɗinsa ba, zai ƙi da 3159. Idan mutane na ciki suna aiki, zai ƙi da 3101. Kowace ƙi daga cikin waɗannan tambaya ce yake yi maka: ka tabbata nan kake nufi? Mai gaggawa yakan kwafi saƙon ya nema a intanet, amsar da zai fi cin karo da ita kuwa ita ce ya kori masu amfani ya ƙara REPLACE. Saƙon zai tafi, gaskiya ne. REPLACE yana da ranarsa, ranar da ka yi niyyar shafe rumbu da gangan. Amma har fayil ɗin da ba a tabbatar na rumbun ba ne yana ba da damar a rubuta a kansa, misali na wani rumbu da aka cire aka ajiye. Ranar da ka ga kanka kana ƙara shi don saƙo ya daina damunka, tsaya ka sake karanta adireshin.

Na buga. Minti ya wuce, wani ya wuce, allo bai nuna ko kashi 10 ba. Hajiya, da ta ƙi tafiya gida sai ta ga ƙarshen abin, ta ce, "Injiniya, ko ta maƙale ne?" Na ce mata a'a, tana share fili ne. Kafin a fara zuba bayanai sai an ƙirƙiri fayilolin, kuma fayil ɗin log sai an cika shi da sifiri daga farko har ƙarshe. Gigabait 40 a kan tsohon faifai mai juyawa ba abin minti ɗaya ba ne. Na buɗe D:\Duba na nuna mata fayilolin biyu sun bayyana a inda muka ce. Muka yi sallar Isha'i muka dawo, lambobin suka fara hawa, goma, ashirin, har ɗari.

Na sake buɗe sys.master_files. Sari yana C inda yake, Sari_Duba yana D. Na gudanar da DBCC CHECKDB, umarnin da ke duba lafiyar rumbu, a kan sabon, bai samu matsala ba. Sannan na mai da shi na karatu kawai da ALTER DATABASE Sari_Duba SET READ_ONLY, don kada wani ya rubuta ko harafi a ciki.

Hajiya ta so in haɗa manhajar shagon da shi don ta duba a allon da ta saba. Na ba ta haƙuri. Sauya inda manhaja ke kallo abu ne mai sauƙin mantawa, kuma ba na so gari ya waye mai karɓar kuɗi yana kallon farashi da ragowar kayan watan jiya. Na ciro mata layukan mutumin Zariya daga rumbunan biyu, na jera su gefe da gefe a Excel.

Biyan yana nan a kwafin ƙarshen wata, da ranarsa da lambar rasit ɗin da ke hannun mutumin. A rumbun yanzu ma yana nan, sai dai a ƙarƙashin wani abokin ciniki mai suna kusan iri ɗaya. An yi gyara a farkon wata, aka zaɓi sunan da ke kusa. Ba sata, ba ha'inci. Hajiya ta yi hamdala ta kira Alhaji a waya. Ban gyara da hannuna ta bayan fage ba, na ce ta gyara da safe ta cikin manhajar, yadda gyaran zai fito da sunanta da ranarsa.

Da Alhaji ya zo washegari ya yi murna ƙwarai, sai ya kawo wata shawara. "Injiniya, tunda abin yana yiwuwa, ka zuba mini wannan kwafin a kwamfutar yarona ta hannu, in riƙa dubawa a gida."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a cikin wannan rumbu akwai sunan duk mai shagon da ke hulɗa da kai, da lambar wayarsa, da unguwarsa, da nawa kake binsa. Kwamfutar hannu tana shiga Keke Napep, tana zuwa makaranta, tana zuwa wurin mai gyara. In ta ɓace, asirin mutanen da suka amince da kai ne ya fita."

Na ƙara masa da cewa tun watan Yunin 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, da hukumar da ke sa ido a kanta, kuma mai riƙe da bayanan mutane shi ke da alhakin tsare su. Amma ba dokar ce ta motsa shi ba, maganar amana ce. Ya yi shiru ya ce, "Gaskiyarka. A bar shi inda yake." Muka tsaya a kan Hajiya ta riƙa buga masa taƙaitaccen lissafi duk mako. A ganina, zaɓen inda kwafi zai sauka bai tsaya a kan sarari da izini ba. Kowace maidowa tana haifar da cikakken rumbu na biyu, kuma duk wanda ke iya kai hannu wurin ya samu komai.

Bayan Hajiya ta gama, na goge Sari_Duba da DROP DATABASE, na leƙa foldar na tabbatar fayilolin sun tafi. Ina leƙawa ne saboda idan rumbu yana kashe a lokacin da aka goge shi, sunansa zai ɓace daga jeri amma fayilolin za su zauna a faifai, ba mai tunawa da su.

Wannan aiki ya buɗe maganar da na daɗe ina yi wa Alhaji. Microsoft ta daina tallafa wa SQL Server 2014 tun Yulin 2024, kwamfutar ta tsufa, faifan C ya kusa cika. Ya amince aka sayo sabuwa mai faifai uku, na kafa mata SQL Server 2022, shi ma Express. A nan batun wuri ya dawo ta wata fuska. Ko da zan bar komai a C, adireshin ba zai zo ɗaya ba, domin foldar 2014 tana farawa da MSSQL12, ta 2022 kuwa MSSQL16. Maidowa ba tare da MOVE ba za ta nemi foldar da babu ita.

Yaron ya ce ai ya riga ya shiga saitin sabar ya mai da wurin ajiyar bayanai D, na log kuma E, don haka komai zai tafi can da kansa. Na sa ya duba da SERVERPROPERTY('InstanceDefaultDataPath'), ya ga lallai saitin ya kama bayan an sake kunna SQL Server. Amma wannan saiti na sababbin rumbuna ne, kuma shi taga ke kawo maka a matsayin shawara. Umarnin RESTORE da ka rubuta da hannu ba ya dubansa, adireshin da ke cikin kwafin yake bi sai ka ce MOVE.

Kafin ƙaura na gyara log a tsohuwar kwamfutar. Na bayyana wa Alhaji zaɓi biyu: a bar FULL a riƙa ɗaukar kwafin log a kai a kai, yadda in abu ya faru za a iya komawa kusan mintin da ya faru, ko a koma SIMPLE, inda log ke sakin wurinsa da kansa, a dogara da kwafin dare. Da ya ji cewa na biyu yana nufin ana iya rasa cinikin yini guda, ya zaɓi na farko ba tare da jinkiri ba. Na ɗauki kwafin log, na rage girman fayil ɗin, sannan na ɗauki cikakken kwafi na ƙarshe bayan an rufe sito ranar Asabar. Don haka sabuwar kwamfuta ba ta gaji gigabait 40 na wofi ba.

Filashin da aka miƙo mini don kwashe kwafin tsarin FAT32 gare shi, wanda ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, sai na yi amfani da faifan waje mai NTFS. Na kwafe fayil ɗin zuwa faifan cikin sabuwar kwamfutar kafin in maido, don kada waya ta motsa ana tsakiyar aiki. Wannan karon sunan rumbu Sari ne, POS_Data ya tafi D:\Bayanai, POS_Log ya tafi E:\Log, kwafin ajiya kuma aka ware masa faifai na uku, da na waje da Hajiya ke kullewa a sef. Na raba su ne don idan faifan bayanai ya mutu, log da kwafi su tsira, kuma don kumburin ɗaya kada ya shaƙe ɗaya.

Ban kashe tsohuwar kwamfutar ba nan take, na cire mata wayar sadarwa kawai na ajiye ta. Kwafin 2014 yana hawa 2022, amma na 2022 ba ya sauka a 2014. Da zarar an fara ciniki a sabuwa, hanyar komawa ta kwafi ta rufe.

Wanda ke aiki da wani injin ba SQL Server ba kada ya ɗauka abin bai shafe shi ba. A MySQL, idan an ɗauki kwafi da zaɓin --databases, cikin fayil ɗin akwai layin USE da sunan rumbun asali, kuma ko ka ambaci wani suna a waje, wannan layin zai karkatar da komai zuwa na asalin. A Oracle, SET NEWNAME ke yin aikin da MOVE ke yi a nan.

Abu na ƙarshe da ya rage shi ne shigar manhajar. Masu amfani da ke cikin rumbu suna tafiya da kwafi, amma asusun shiga sabar yana zaune a master, rumbun da SQL Server ke ajiye nasa saitin, ba ya biyo su. Na ƙirƙiri asusun a sabuwar, na ɗaura shi da ALTER USER, manhaja ta buɗe. Express ba shi da Agent mai gudanar da ayyuka a kan lokaci, don haka na tsara kwafin dare da na log ta Task Scheduler na Windows da sqlcmd, manhajar da ke aika wa SQL Server umarni, na tabbatar adireshin da ke ciki na sabon faifai ne. Umarnin maidowa a gefe kuwa na ajiye shi a fayil, da sunayen POS_Data da POS_Log da foldar D:\Duba a rubuce, na buga kwafinsa a takarda aka sa a sef tare da faifan waje. Farkon kowane wata yaron ne ke gudanar da shi a kan kwafin da ya gabata, ya yi CHECKDB, ya turo mini sakamakon, sannan ya goge.